Baba Alli da Takardar da Ya Ƙi Ninkewa

Kafin mai gadi ya gama sharar ƙofar makaranta, Baba Alli ya riga ya goge allo, ya saka wa bencin nan mai rawa dutse a ƙafa. Ɗalibai ne suka raɗa masa sunan, don duk rigar da ya sa, kafin azahar ta yi fari fat. Malamin lissafi ne, kuma a makon nan yake ajiye aiki.

Wata shekara masu bincike daga jami'a suka zo da sabuwar hanyar koyar da rabi da kwata: yaro ya ninke takarda da hannunsa ya gani, maimakon hadda. Don a tabbatar tana da amfani, aji ɗaya zai gwada ta, ɗaya ya zauna kan tsohuwar hanya zango guda. Aka yi ƙuri'a, tsohuwar ta faɗa kan ajinsa. A ajin kuwa akwai ɗiyar ƙanwarsa, wadda lissafi ke sa ta kuka, kuma saura ƙiris a ce ta maimaita aji.

Ta bango yake jiyo yaran ɗaya ajin suna ihun "Na gane!" Nasa sun yi tsit.

Ƙanwar tasa, uwar yarinyar, ta tare shi a ofishin malamai. "Yaya, takarda ce fa! Ninke mata a gida, wa zai sani?"

"Ni zan sani," in ji shi. "In na ninke wa ɗaya, dole in ninke wa duka. Daga nan gwajin ya zama ƙarya, kuma da shi za a yanke yadda za a koyar da yaran da ba mu taɓa gani ba."

"To, waliyyin alli! Allah ya ba da lada."

Ya ƙara wa ajin darasin yamma, amma da tsohuwar hanya. Bai wadatar ba. Yarinyar ta maimaita aji, ƙanwar ta ɗauke ƙafa daga gidansa. Sakamakon binciken kuwa ya fito babu gauraye, hanyar ta shiga makarantu.

Na daɗe ina juya wannan al'amari, ban kai ƙarshensa ba. Shi ma bai taɓa cewa ya yi daidai ba. In an yabe shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yarinyar ce ta biya, ba ni ba."

Baba Alli, kai ne ka riƙe amanar 'ya'yan wasu, ka kuma ƙi manta wadda abin ya taɓa. Mun gode. Duk wanda aka damƙa wa aji, ya koyi duka biyun daga gare ka.

Jiya a taron bankwana, yarinyar nan, yanzu ta girma har da goyonta a baya, ta ratso mutane ta miƙa masa farar takarda.

"Kawu," ta ce, "yanzu dai ninke min."

Ya karɓa, ya ninke.