Uwar Cukun Gwaggo Maruso

A buɗe hanya, a cire hula! Ga Gwaggo Maruso, sarauniyar tsibirin Tinos kaf, mai mulkin awaki uku da jaki ɗaya gurgu. Ni Zannis, ɗan ƙaninta, wanda makaranta ta kora, jirgin ruwa ma ya kora, ni ne marubucin fadarta.

Dukiyarta tukunyar ƙasa ce guda. A ciki akwai uwa, wato tsohon cukun da ake cuɗawa da sabo har ya zama kopanisti, mai yajin da ke sa ƙato hawaye. Daga kakarta ta gaje ta. Amma uwa sai da ci: in ba a ba ta sabon cuku ba, mutuwa take.

Shekara biyu ke nan sama ba ta zubo abin kirki ba. Rijiya ta ƙafe, awaki arba'in suka koma uku, ukun ma hantsarsu kamar tsohuwar safa. Kullum Gwaggo sai ta ɗaga mayafin tukunya ta shinshina, ta mayar ta rufe. Ta daina shafa wa kanta cukun ko ɗan kaɗan a busasshen burodi da tumatir. Ta yi ta kunna kyandir a coci har fada, limamin cocin, ya fara kauce mata.

Ranar nan ta ɗauki bokiti ta haura gidan Stamatis, maƙwabcin da ta yi shekara ashirin ba ta gaishe shi ba saboda rigimar katanga. Na bi ta don in sha kallo.

"Maruso, hanya kika ɓata?" in ji shi.

"Madara nake roƙo, Stamatis. Ba don ni ba."

Ban taɓa jin muryarta ta yi ƙasa haka ba. Dariyar da na taho da ita ta maƙale. Ya ba ta rabin bokiti, iyakar abin da ya tatsa ke nan.

Ta bar madarar ta daskare, ta tace ta a ƙyalle, ta sa gishiri, ta cuɗa da uwa har yatsunta suka kumbura. Muka jira kwana arba'in.

Da ta buɗe, ta lakato a yatsa ta miƙo min. Na ɗanɗana. Lami, kamar alli. Sai na kama tari, na dafe ƙirji, na matso hawaye.

"Wayyo Gwaggo, wuta! Ki kawo ruwa, kin kashe ɗan ƙaninki!"

Ta lasa nata, ta goge yatsa a zani.

"Rufe bakinka, Zannis. Ta mutu. Ɗauki tukunyar ka wanke."