Ni Na Hana Tsohuwa Rubuta Wakafinta

Assalamu alaikum. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Maƙwabciyata ce ke rubutawa, ni ina faɗa, kuma na ce kada ta gyara mini magana.

A lokacin ina dab da shekara arba'in. Umra na zo na maƙale a Jidda, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya mini. Wanke-wanke nake yi a gidajen Larabawa a unguwar Bagdadiyya, ranar da ba aiki in yi dambu in sayar a ƙofar gida. Na iya gudu, na iya ɓuya, na san lungun da motar jawazat, masu kamen marasa takarda, ba ta iya shiga. Saboda an yi shekaru ba a kama ni ba, sai na ɗauka na fi kowa wayo. Nan na fara lalacewa.

Mu takwas ne, duk mata, duk marasa takarda, a wani tsohon bene a Ammariyya. Gidan na wata tsohuwa ne, Bahaushiya, wadda iyayenta suka shigo da ita ƙasar tana goye, har ta zama 'yar ƙasa. Da guminta ta saye shi, sunanta ne a takardar mallaka. Ba ta taɓa karɓar ko riyal ɗaya a hannunmu ba. Sharaɗinta biyu ne, a yi salla, kuma kada a kawo mata namiji. Inna muke ce mata. 'Ya'yanta maza uku suna can unguwannin masu kuɗi, ba sa zuwa sai da Idi, su tsaya a tsakar gida suna toshe hanci da gefen rawani. Babban yana jin Hausa sarai, amma in ka yi masa sai ya amsa da Larabci, kamar an watsa masa ƙazanta.

Wata Juma'a Inna ta kira malamin da ke ja mana salla da azumi, mutumin da ya shekara goma yana cin tuwonta, ta tara mu. Lafiyarta lau, gwiwa ce kawai ke damunta. Ta ce mu shaida ta yi wakafin gidan nan saboda Allah, don matan ƙasarmu da ba su da wurin kwana, ba a sayarwa, ba a gado. Malam ya yi doguwar addu'a har da hawaye. Da aka watse ta riƙe hannuna, ta ce ranar Lahadi in raka ta bakin kotu a rubuta, a ba ta takardar da suke kira sakki, don ta san 'ya'yan da ta haifa.

Ni ce na hana. Na taɓa jin an ce in za a rubuta wakafi sai ma'aikata sun zo sun auna gida, sun ga waɗanda ke ciki. Ban tambayi kowa ko gaskiya ne ba. Na ce mata ashe so take ta ba Allah gida, ta ba jawazat mata takwas a matsayin tukuici. Ta yi dariya, ta ce ni matsoraciya ce mai bakin reza. Na ce Allah ba ya bukatar hatimin kotu, ya ji, mala'iku sun rubuta, malam ya shaida, me ya rage? Sauran matan suka ce wallahi na faɗi gaskiya. Dole su ce haka, su ma kame suke tsoro kamar ni. Duk lokacin da ta sake tayar da maganar, sai in ce a bari azumi ya wuce. Azumi ya wuce, in ce a bari a gama Hajji, kame ya lafa. Haka na ja ta shekara biyu. Ba don ita na yi ba, don katifata na yi.

Sai ciwo ya kwantar da ita, ɓarin jiki ɗaya ya mutu. Da ta ga ba tashi, ta sa aka kira babban ɗan, ta maimaita maganar a gabansa da harshen da ya karkace, malam yana wurin. Ya sumbaci goshinta, ya ce umarninta a kan kansa da idonsa. Kwana tara bayan nan ta cika.

Ba a gama kwashe kujerun ta'aziyya daga titi ba babban ɗan ya dawo da mai awon gida. Na tare shi a matakala na tuna masa wakafi. Ya ce wane wakafi, ina sakki? Na ce mu takwas mun ji da kunnenmu. Ya yi murmushi, ranar ce ya fara yi mini Hausa, ya ce to Hajiya, bismilla, mu je gaban alƙali, kowace ta riƙo iƙamarta. Ya san abin da yake faɗa. Shaidu takwas, babu wadda za ta iya tunkarar mai gadin ƙofar kotu.

Saura malam, shi yana da takarda. Na same shi a bakin masallaci. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ya ce shi dai abin da yake iya tunawa maganar da ta yi a kan gadon ciwo ce, kuma a lokacin Allah ne kaɗai ya san ko hankalinta na jikinta. Na tambaye shi Juma'ar da ya yi kuka fa? Ya ce shaida abu ne mai nauyi, ba ya son ya faɗi abin da yake kokwanto. Daga baya na ji kafilinsa abokin babban ɗan ne. Na ce masa Allah ya sa tuwon Inna ya tsaya masa a wuya ranar da ba ruwa. Ban yi nadamar wannan ba har yau.

Wata 'yar kasuwa 'yar Chadi mai iƙama ta kai ni wurin wani da ya san shari'ar ƙasar. Ya saurare ni, ya ce wakafin baki yana inganta in mai abu ya furta a sarari, da lafiyarsa da hankalinsa, amma alƙali ba ya hukunci da abin da ba a tabbatar masa ba. Wanda aka furta a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya gare shi, ba ya wuce sulusin dukiya sai magada sun yarda, shi ma sai da shaida. Na tambaye shi batun ma'aikata masu zuwa duba gida. Ya dube ni kamar ya ga jaka, ya ce ko da za su zo, me ya hana mu fita yini ɗaya mu dawo? Ni da na shekara goma sha ina ɓuya, ban yi tunanin ɓuyan yini ɗaya ba.

Mako guda aka ba mu. Halas, yalla, in ji ɗan, wato magana ta ƙare, mu fice, ko ya kira mana motar jawazat. Muka watse. Wata dattijuwa 'yar Nijar da idonta ya mutu, wadda ba ta iya aikatau, ta sa aka kai ta ta miƙa kanta ga hukuma aka mayar da ita gida, inda ba ta da kowa. Gidan yanzu ma'ajiyar tayoyi ce.

Na raina ɗan, na fi raina malam, amma su abin da suke ke nan tun asali, Inna ma ta sani, shi ya sa ta nemi takarda. Wadda ta amince da ita ce ta kayar da ita. Ta yi tanadin ladan da zai riƙa bin ta kabari, na sa tsorona na toshe hanyar. Ina fata Allah ya ba ta a kan niyyarta, amma wannan tsakaninta da Ubangijinta ne, ba zai wanke ni ba.

Duk mai niyyar wakafi, ya rubuta tun yana tafiya da ƙafarsa, ya nemi shaidun da za su iya tsayawa gaban alƙali da rana tsaka. Kada ya nemi shawarar wanda ke cin moriyar abin, don cikinsa zai duba. Ku kuma 'yan'uwana masu zaman ɓuya, in tsoho ya ce ku raka shi ya gyara lahirarsa, ku raka shi, ko ku kauce masa daga hanya. Mai rai ana zuwa a roƙe shi gafara. Ni wadda zan roƙa tana ƙarƙashin ƙasa, a maƙabartar da ko shiga ba a barin mace ta yi.