Irin audugar Inna

Ina amarya, ban cika shekara a gidan miji ba, dokar auduga ta iso ƙauyenmu da ke bayan Bunguɗu. Lokacin ana ta zancen wai za a jawo hanyar jirgi har Gusau. Doka kuwa a zamanin nan gangarowa take yi: Nasara ya faɗa wa sarki, sarki ya faɗa wa hakimi, hakimi ya faɗa wa mai gari, mai gari ya zo ya tsaya a ƙofar gidanka yana share gumi. Abin da ya kawo shi ne, gwamnati ta raba sabon irin auduga kyauta, kowane magidanci ya ware gona ya shuka, in ta yi a kai kasuwar auduga a Gusau. Tamu ta gado kuma a daina.

Mutanen garinmu ba su ce a'a ba. Wa ya isa? Sai dai kowa ya san ba a tuwo da auduga. Aka yi shawara a ɓoye cewa kowane gida ya ɗan soya irin sama-sama kafin shuka, in bai tsiro ba a ce ƙasarmu ce ba ta karɓe shi ba, a mayar da gonar ga dawa.

Surukata, wadda nake kira Inna, tana da nata irin da ta zo da shi daga Bilbis, na gidan uwarta. Kullum damina takan shuka shi a bayan gida cikin kuɓewa. Da zarensa aka saƙa likkafanin uwarta, kuma kowa a gidan ya san da shi take so a saƙa nata. A Bilbis ɗin ma irin ya riga ya ɓace, nata kaɗai ya rage.

Ranar da za ta tafi suna a Mada, tana ɗaura mayafi ta ce in soya irin gwamna kafin ta dawo, yana cikin ɗakin ajiya. Na shiga na tarar da iri biyu. Ɗaya a cikin tukunya mai kyau, an barbaɗa toka an liƙe baki da laka. Ɗayan an watsar a fasasshiyar ƙwarya, har kaza ta taka. Kunyar suruka ta hana ni bin ta in tambaya. Na ce a raina, haba, kayan gwamna guda ai ba za a zuba shi a fasasshiyar ƙwarya ba. Na fasa bakin tukunya, na soya abina tsaf, na mayar na liƙe da sabuwar laka, ina jin kaina gwanar mata.

Ruwa ya zauna, maigidana ya shuka na ƙwarya a gonar bakin hanya, Inna ta shuka na tukunya a bayan gida. Kafin mako ya zagayo gonar bakin hanya ta yi kore shar, ita kaɗai a duk garin. Malamin gona ya zo a kan doki, ya tsaya ya yi ta sa wa maigidana albarka a gaban jama'a, yana cewa ga manomin kirki, sauran su yi koyi. Maigidan nawa, bawan Allah, ya tsaya kamar an tsoma shi a rijiya. Kwana uku ba mai amsa masa sallama da daɗi a masallaci.

Bayan gida kuwa ko tsinke bai fito ba. Inna takan fita da sassafe ta tona rami da yatsa, ta fito da iri ta murza, ta shinshina. Rana ta huɗu ta kira ni ta tambaye ni wanne na soya. Na faɗa mata. Ba ta zage ni ba, wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ajiye mazarinta ta shige ɗaki, ko abincin rana ba ta taɓa ba. Na yi kuka har idona ya kumbura.

To, ina da wani laifin daban da na daɗe ina ɓoyewa. Satin da aka kawo ni, Inna ta ba ni kwando guda na audugarta, ta ce in gurza in cire irin, in yi kaɗi. Ni kuwa duk duniya ba aikin da na tsana kamar gurzar auduga. Na tura kwandon ƙarƙashin gado, duk sanda ta tambaya in ce ana nan ana yi. Ina cikin kukan ne na tuna cewa audugar da ba a gurza ba, irinta na nan a cikinta.

Na jawo kwandon, duk yanar gizo, na kai ƙofar ɗakinta na durƙusa. Ta ɗauki dunƙule guda ta yage, iri ya faɗo a tafinta. Ta daɗe tana kallonsa.

"Wata bakwai kina ce mini ana nan ana yi?"

Na ce, "E, Inna."

Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Allah ya yi wa ragwancinki albarka, ɗiyata. Ɗauko dutsen gurza. Yau dai ba ki da mafita."

Muka gurza tare har la'asar, washegari muka shuka, damina ba ta yi nisa ba. Ya fito kuwa. Na gwamna ma aka kai Gusau ya yi kuɗi, da shekara ta zagayo rabin garin suka shuka ba tare da sun soya ba.

Inna ta ƙara shekara goma sha wani abu a duniya tana tsokanata da kwandon nan, duk baƙuwar da ta zo sai ta ji labarin. Da hannunta ya fara rawa, ni ta miƙa wa mazarin. Zaren likkafaninta ni na ƙarasa kaɗa shi, kuma ban tura ko dunƙule ɗaya ƙarƙashin gado ba.