Mai Askin Layinmu da Ƙodarsa ta Hagu

Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka da shi, bango ɗaya ya raba shagona da nasa. Ni tela ne, shi mai aski. Shagunan layin namu shida ne, duk suna kallon titi, a bayansu kuma akwai ɗan lungu da bayi guda ɗaya wanda dukanmu muke amfani da shi. Makullin bayin a wajena yake zama, a rataye jikin ƙusa a bayan ƙofa, don ni nake riga kowa buɗe shago.

Dogo ne siriri, ya girme ni da shekara bakwai, shi ya sa nake ce masa Yaya. A hannun mahaifinsa ya koyi aski, tsaftarsa kuwa har ta so ta yi yawa. Ko silin gashi ɗaya ya hango a ƙasa sai ya ɗauko tsintsiya. Hannunsa ba nauyi, tsofaffi har gyangyaɗi suke yi a kujerarsa. Abu ɗaya mutane ke kuka da shi: yana tsakiyar aski sai ya kashe inji, ya ce, "Ina zuwa," ya fice. Ya bar mutum da rabin kai da tawul a wuya, yana kallon kansa a madubi. Wata rana sau biyar, wata rana har sau takwas. Ni na laƙaba masa suna Ina-Zuwa, sunan kuma ya bi shi har yaran unguwa ba su san yana da wani ba.

In an tsokane shi sai ya yi murmushi ya ce basir ne. Babu maganin basir da bai sha ba, na kwalba da na ƙulli. Ba ya cin abinci a shago, ba ya zuwa gidan kowa, ba ya tafiya mai nisa. Ko da kawunsa ya rasu bai je ba, saboda tafiyar awa huɗu ce a mota. Danginsa suka ce girman kai ne, bai musa ba. Mu ma a layin mun ɗauka miskilanci ne kawai.

Abin ya faru ne wata Asabar da hantsi. Shagonsa cike, mutum huɗu a kan bencin da ke ƙofar shagon suna jiran layi. Mai gyaran waya ya shigo wajena muna hira, sai na ce masa, "Bari ka ga yadda zan sa Yaya rawa yau." Na zare makullin daga ƙusa na jefa a aljihun rigata.

Ba a jima ba sai ga shi. Ya miƙa hannu bayan ƙofa kamar yadda ya saba, ya shafa, ba komai.

"Tela, ina makulli?"

"Ba kai ka ɗauka ɗazu ba, Yaya?"

"Na mayar. Duba mini, don Allah."

Na shiga ɗaga yadudduka kamar mai nema. Mai gyaran waya ya toshe baki yana ƙunshe dariya. Na ga gumi ya tsattsafo wa Yaya a goshi, ya dafe bakin ƙofa da hannu ɗaya. Niyyata in ƙara ja masa rai kaɗan sannan in fito da shi. Sai ya juya, ya yi taku uku zuwa lungun, ya tsaya cak. Farin wando ne a jikinsa. Abin da ya gangaro har da jini, kuma duk waɗanda ke kan bencin sun gani.

Ba wanda ya yi dariya. Ya koma shagonsa, ya ɗauki mayafin da yake rufa wa masu aski, ya ɗaura a ƙugu, ya bi gefen titi ya tafi gida a ƙafa, kansa a sunkuye. Ni kuwa makullin na nan a aljihuna. Ban fito da shi ba, don kada mutane su san ni ne. Da yamma na yar da shi ƙarƙashin keken ɗinki, na ce a nan na tsince shi. Ni na share masa shago na kulle.

Sati uku ba a buɗe shagon ba. Ranar da matarsa ta zo ɗaukar injinansa don kada su yi tsatsa, ta zauna a bencina ta faɗa mini abin da ban sani ba. Ta ce tun kafin aurensu yake fama: murɗar ciki, gudawa da jini, wani lokaci zazzaɓi. Kullum da wando na biyu yake fita, a naɗe cikin baƙar leda a ƙasan durowa, ranar ce kaɗai ya manta da shi. Shekara ashirin tana roƙonsa ya je babban asibiti, yana cewa da wane baki zai yi wa likita wannan bayani.

"Amma wannan karon na ce masa ko ya tashi mu je, ko in kira yayyensa in faɗa musu komai," in ji ta. "Shi ne ya tashi."

A asibiti suka zura masa 'yar kyamara a hanji, suka ce ba basir ba ne. Hanjin ne yake kumbura yana yin gyambo, ciwo ne da ba ya warkewa gaba ɗaya amma magani na kwantar da shi. Suka kuma tura shi hoton ciki don su ga iyakar ɓarnar. A hoton ne aka ga ƙari a ƙodarsa ta hagu, bai kai ƙwan kaza ba. Bai taɓa jin ciwo a wajen ba ko sau ɗaya. Likitar ta ce kansa ce, wato ciwon daji. Ta ce akan ɗan fi samunta a masu irin ciwon hanjinsa, sai dai ba a gama tabbatarwa ba ko ciwon ne ke jawo ta, ko kuwa yawan hoton da ake musu ne ke sa a gano ta da wuri. Tasa dai ba ta bazu ba, za a cire ƙodar, ɗayar ta ishe shi rayuwa.

Na je duba shi kwana biyu kafin tiyata. Ɗakin gado takwas ne, nasa na kusa da taga. Na tarar da danginsa cike, har waɗanda suka yi shekaru ba sa yi masa magana. Da suka fita ya yafito ni da hannu.

"Tela, ka san abin da ya fi ba ni kunya? Da likita ta ce kansa, sanyi na ji a raina. Na ce yau dai na samu ciwon da zan iya faɗa wa mutane. Ka ga duk waɗannan? Kansar suka zo dubawa. Ɗayan ciwon har yanzu ban iya gaya musu ba."

Na so in faɗa masa maganar makullin a lokacin, na fasa. Na gyara masa filo na fito.

Aka yi aiki lafiya. A layinmu kuwa mai gyaran waya, wanda shi kaɗai ya san abin da na yi, ya riƙa ce mini in daina damun kaina, ai ni na ceci ran mutumin, da ban ɓoye makullin ba da har yanzu ƙarin na ciki yana girma. Na yi kwanaki ina lallashin kaina da wannan magana, ba ta zauna mini ba.

Bayan wata guda na same shi a gida, yana zaune a tsakar gida da filo a gefen ɗinkin tiyatar. Matarsa ta fita sayen magani. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da maganar mai gyaran waya.

"Na sani," ya ce. "Na ga shatin makullin a aljihunka tun ina tsaye a ƙofa."

"To me ya hana ka faɗa, Yaya?"

"In tsaya ina jayayya da kai a wannan hali?" Ya gyara zamansa. "Maganar ceto kuwa, kada ka ɗauke ta. Allah ne ya nufa a gani. Abin da ka yi kuma ka yi shi. Na yafe maka, amma layin nan na bar shi ke nan. Ba zan iya haɗa ido da mutanen da ke kan bencin nan ba."

Bai koma ba kuwa. Ya gyara ɗakin da ke ƙofar gidansa, ya kafa madubi da kujera, yana yi wa mutanen unguwa aski daga safe zuwa azahar, don tsayuwa mai tsawo na gajiyar da shi yanzu. Yana shan magungunansa, duk wata shida a yi masa hoto, zuwa yanzu ba a ga komai ba. Har ɗan kumatu ya yi. Shagonsa na da, wani mai sayar da takalma ne a ciki.

Duk ƙarshen wata nakan hau mota biyu daga gidana in je ya yi mini aski. Mukan yi hirar tsadar zare da rashin wuta, ba ma taɓo waccan magana. Matarsa bai gaya mata ba, ni ma ban samu ƙarfin hali ba har yau. Duk zuwana sai ta kawo mini ruwa da kanta, ta gaya wa duk wanda ke zaune cewa ni ne maƙwabcin da ya kulle masa shago ranar da ciwo ya kayar da shi.

"Allah ya bar zumunci, Tela," takan ce.

In ce amin, ina kallon gashina da ke zuba a ƙasa.