Taken Gwaggo a Damagaram

Mun tashi daga Maraɗi da asuba, ana idar da salla, mu uku a motar abokina: shi a sitiyari, ni a gefensa, Gwaggona a baya da butarta da ƙunshin goro. Damagaram muka nufa, kuma ba yawon buɗe ido ne ya fitar da mu ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce, haifaffiyar Birnin Zinder, wato Damagaram, aure ne ya kawo ta Maraɗi. Tun muna yara take ba mu labarin cewa lokacin da ƙasar nan take jaririya, Nasara bai daɗe da naɗe tutarsa ba, an gayyato ƙasashen maƙwabta wasanni a Yamai, kokawa da dambe da ƙwallo da tseren keke da gudu, kuma tana cikin 'yan matan lakwal, wato makarantar boko, da Damagaram ta aika gudu. Ba hoto, ba lambar yabo, don ta huɗu ta zo. Da can baki buɗe muke sauraro. Yanzu da tsufa ya kama ta, har takan manta inda ta ajiye carbi, sai 'yan gida suka fara ƙifta ido in ta ɗauko zancen. Ban damu ba sai ranar da ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, anya na yi gudun nan kuwa? Ko dai mafarki ne na riƙe?" Maganar ta tsaya mini a rai, na ce sai mun je mun nemo wanda ya gani.

Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai hagu da dama. A Tasawa muka karya da ƙosai da koko, inda abokina ya nuna mana cewa tuƙi ba ya hana ciki aiki. Wajen Garagumsa mata suka yi wa motar caa da dafaffiyar gyaɗa, gwangwani dala ashirin, Gwaggo ta ce tsada, ta kuma sayi uku. Duk inda na yi ƙorafin rami sai ta yi tsaki. Su, in ji ta, da za su Yamai kwana uku suka yi a bayan kamyo, babbar motar kaya, zaune a kan buhunan geron da Damagaram ta aika don ciyar da baƙi. A Yamai babu masauki isasshe, sai aka kwashe tebura daga azuzuwan lakwal aka shimfiɗa tabarmi. Teloli suka ɗinka tutocin ƙasashen da ba su taɓa gani ba, suna duba zane a takarda. Gaskiya mutanen nan sun burge ni. Ƙasa ba ta gama tsayawa da ƙafarta ba, amma ta ce wa maƙwabta bismillah.

Da hantsi muka wuce Tirmini, duwatsun Zinder suka fara leƙowa. Muka sauka a unguwar Zango, muka ci tuwo da miyar kuka, na sayi alkakin da ake ta ba ni labari, kuma bai ba ni kunya ba. Sai dai abin da muka zo nema ya ƙi samuwa. A wani buro, wato ofishin gwamnati, ma'aikacin ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya sauke fayil ya mayar, har ya yi gumi, daga baya ya ce takardun wancan zamani ba sa wurinsu. Lakwal ɗinsu an sake gina ta. A lungunan Birni, masu katangu da zane gwanin kyau, duk ƙawar da Gwaggo ta ambata sai a ce Allah ya jiƙanta. Ko goro Gwaggo ta daina ci. Na tsorata ƙwarai, don na ga kamar na kawo ta ne in tabbatar mata da abin da take tsoro.

Wani tsohon baduku ne ya cece mu, yana zaune a zaure yana ɗinkin jaka. Da ya ji buƙatarmu ya yi dariya ya ce, "Takarda kuke nema? Ai mu ba a takarda muke ajiya ba. Ku je wajen garin Droum, makaɗin da ya raka 'yan wasan yana nan da ransa."

Washegari muka bi hanyar rairayi, motar ta kafe sau biyu, manoma suka tura mu ba tare da an roƙe su ba. Muka sami tsohon makaɗin a inuwar bishiyar bedi, idanunsa sun tafi. Bayan gaisuwa Gwaggo ta fara gabatar da kanta, sai ya ɗaga hannu.

"Dakata, Hajiya. Sunaye sun gudu mini, amma hannu bai manta ba."

Ya ce a al'ada kowane ɗan kokawa da takensa, kiɗan da in ya ji sai ya miƙe. To shi da ya ji wasu ƙasashe za su zo da badujala, sai ya ce ba za a bar nasa a baya ba, ya yi wa duk wanda ke cikin kamyon take, har mai keke. Matarsa ta ɗauko masa kalangu. Ya ce, "Kada ki faɗa mini komai. Zan buga su yadda aka zauna a mota. In kin ji naki, kin sani."

Ya buga na farko, ya buga na biyu. Gwaggo ba ta motsa ba. Har na shida ba komai. Yana shiga na bakwai sai na ga ta ajiye sandarta, ta dafa ƙasa ta miƙe tsaye. Kafin ya buɗe baki ta riga shi: "Barewa 'yar Birni, ƙafarki dokinki!"

Tsohon ya tsayar da kiɗan. "La ilaha illallahu! Ke ce kika ƙi cin shinkafar Yamai sai da aka dama miki fura?"

"Baba, ai wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba," in ji Gwaggo, tana dariya hawaye na zuba. Ni ma na juya kai kamar ina duba motar.

Da la'asar sakaliya muka kamo hanya, Gwaggo tana ta surutu har Tasawa, goro kuma ya ƙare. Na koyi cewa ba duk tarihin ƙasa ke cikin buro ba, wani yana hannun tsoffin da ba wanda ya je ya tambaye su, kuma kullum raguwa suke yi. Da muka isa gida aka taru ana tambaya, ina shaida? Na ciro waya zan kunna musu kiɗan da na ɗauka, sai Gwaggo ta riƙe hannuna.

"Bar shi, ɗan nan. Ba don su na je ba. Ni dai na sani na yi gudu."