Kwanon Bilki

A ɗakin Goggo Rabi'atu, ƙanwar mahaifinmu, akwai wani ƙaramin kwanon samira mai murfi a saman kabad. Ba a cin abinci a cikinsa, ba a ara wa kowa. A gidanta nake zaune lokacin da abin ya faru, ina aji biyu na sakandare, don haka da idona na gani.

Mijin Goggo ya rasu ya bar mata gona ɗaya a bakin garin Mahuta. Tana cikin matan da aka ɗauka su riƙa dafa wa 'yan firamare abinci, Litinin zuwa Juma'a. Mace ce mai tsokana, ba yaron da bai da sunan da ta laƙaba masa. A shekarar mutane sun bar gonakin nesa saboda 'yan bindiga, rumbuna suka ƙare tun ruwa bai zauna ba.

Wata Juma'a ta kama wata yarinya 'yar aji biyu, Bilki, daga unguwar Maguzawa ta bayan gari, tana tura rabin shinkafarta a aljihu.

"Ke Bilki, ɓera kike kiwo a nan?"

"Na gobe ne, Inna. Asabar ba kya dafawa."

Tun daga Juma'ar da ta biyo, Goggo ta fara auna garin masara daga nata rumbun, da kuka da ɗan ƙuli-ƙuli, tana ba yara tara su kai gida. Na ce ta ƙulla a leda. Ta ce a'a, leda sadaka ce, iyayen za su ji kunya. Sai ta sauko da kwanukan aurenta, don abin ya shiga gidajen mutane kamar aiken maƙwabciya.

A wajenmu kuwa ba a mayar da kwano fanko. Ranar Litinin kowane kwano ya dawo da wani abu: kuɓewa, gyaɗa, ƙwan zabo ɗaya. Goggo har daɗi ta ji. Na Bilki ya dawo da daddawa biyu. Mako na gaba, ganyen rama. A na uku ba kwano, ba Bilki.

Lokacin noma na biyu ne, yara da yawa ba sa zuwa, Goggo ba ta kawo komai a ranta ba. Tana wanke tukunya ta ce da ni, tana dariya, "Tani ta ga kwanona ya yi mata kyau." Tani ita ce uwar Bilki.

Bayan mako biyu, da la'asar, Tani ta yi sallama, kwanon naɗe a gefen zanenta.

"Sannu da gida, Inna."

"Maraba da ɓarauniyar kwano. Ina 'yata? Ko kun mai da ita manomiya?"

Tani ta durƙusa ta ajiye kwanon. "Shekaranjiya muka binne ta. Zazzaɓi ne, kwana uku, jikin kuma ba ƙarfi." Sannan ta ce, "Kullum da safe sai ta ɗauko rigar makaranta. Ina ce mata ki bari mu samu abin sawa a kwanon mutane tukuna."

Goggo ta buɗe murfin. Masara ce guda biyu ɗanya, farkon ta bayan ɗaki, ƙwayar ma ba ta gama cika ba.

Ban ga Goggo ta yi kuka ba. Ta raka Tani har bakin hanya, ta dawo ta kwashe sauran kwanukan ta zuba a buhu. Daga ranar a baƙar leda take ƙullawa, ta sa wa yaro a jaka da hannunta. "Ka ce a hanya ka tsinta. Wanda ya kawo mini ko ganye, sai na ja kunnensa." In kuma yaro bai zo ranar Litinin ba, ba ta wanke tukunya sai ta taka ta je gidansu.

An daina kawo abincin makaranta tuni, ita ba ta daina nata na Juma'a ba. Ta daina dai laƙaba wa yara suna. Masarar nan tana cikin kwanon har yau, ta bushe ta yi baƙi.

Juma'ar da ta wuce ina taya ta ƙulli. Yara goma sha huɗu ne yanzu, na ga leda goma sha biyar.

"Goggo, ɗaya ta yi yawa."

"Na sani," ta ce, ba ta ɗago ba. "Bar ta a gefe."