Farin Tabo a Kogin Gashuwa

Yayana bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba har ya koma ga Allah. Sau ɗaya aka taɓa kama kamanninsa a takarda, kuma takardar ta daɗe rataye a zaurena.

A shekarun casa'in akwai wani malamin makaranta a Nguru mai zane da fentin ruwa. Duk sanda na kai busasshen kifi kasuwar garin sai na biya gidansa na sayi zane: tudun rairayin Yusufari, fadamar Katuzu, goruba a bakin tafki. Sharaɗina kada a sa mai rai, domin na ji a wa'azi mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da irin wannan hoto. Ko akuya ba na karɓa.

Wata rana ya nuna mini kogin Gashuwa da hantsi. A tsakiyar ruwa ga masunci ya kifa ciki a kan gora, ya waiwayo, hula a karkace.

Ya ce, "Alhaji, ka gane mutumin?"

Na ce, "Na gane. Yayana ne. Cire shi."

"Yini na yi ina roƙonsa ya daina motsi. Har zagina ya yi."

"To ga dama ka rama. Cire shi."

Ya ce in bar masa wannan in ɗauki wani. Na ce kogin nake so. Ya jiƙa auduga ya riƙa dangwalawa a hankali, yana tsaki, har Yaya ya koma farin tabo kamar ƙwan agwagwa. Goran ya bari, tunda ba shi da rai.

Ba a jima ba zazzaɓi ya ɗauke Yaya, ya bar matarsa da ciki. Mace aka haifa, a hannuna ta tashi. Da aurenta ya matso ta ce, "Baba, wai da gaske akwai hoton mahaifina a gidan nan?"

Na naɗe zanen na shiga motar Nguru, ko malamin zai mayar da Yaya a ciki. Na tarar idonsa ya yi rauni, sai an matso yake gane mutum. Ya shafa takardar ya ce, "Alhaji, ko da idona na nan, fuskar ta ɓace mini. Zagin kawai nake tunawa."

Na dawo na shimfiɗa mata zanen a tabarma, na ɗora yatsa a kan tabon, na gaya mata wanda ya sa aka yi haka. Ta daɗe tana kallo.

"Goransa ne wannan?"

"Nasa ne."

Ta sa zanen cikin kayan ɗakinta, ba ta tambaye ni ba. Ƙusar da ta riƙe zanen tana nan a zaure, a jikinta nake rataye hula.